"In ka isa ka kira ni" ba shiri ba ne: maganar oba-oba a ayarin 'yan makarantar Kurfai

Duk shekara, da zarar damina ta kawo kai, ana loda yaranmu a motoci daga ƙauyukan Kurfai da Imanan da Tondikandiya a nufi cibiyoyin jarrabawar BEPC. Haka ake yi in za a je wasan ƙwallo tsakanin makarantu, haka in malamai za su taron ƙara wa juna sani. Mota uku, mota huɗu, wata Hiyas, wata a-kori-kura, kowace maƙil da 'ya'yan mutane. Ka tambayi wanda ya shirya tafiyar: in motar baya ta kafe cikin rairayi, ta yaya ta gaba za ta sani? Amsar ba ta sauyawa: "Ai kowa na da waya." Uwa kuma ta tsaya bakin mota ta ce wa malami: "Malam, in kun isa ka kira ni." Daga nan shiri ya ƙare, sai addu'a.

Ni ban yarda wannan shiri ne ba. Matsayina shi ne, duk ayarin da ya kai mota biyu, ya kuma sauka daga kwalta da yara a ciki, ya kamata ya riƙe rediyon magana, wanda ake ce wa oba-oba, wasu su ce talki-walki. Kuma ƙarama nake nufi, mai ƙaramin ƙarfi, wadda hukuma ta san da ita a rubuce. Wannan magana za ta ɓata wa mutane iri huɗu rai: masu cewa salula ta isa, masu cewa a bar wa Allah, masu son babbar na'ura mai doguwar eriya, da masu cewa a ƙasar Tillaberi riƙe oba-oba neman fitina ne. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen ne suka fi hujja, don haka su zan fi ba lokaci.

Hanyar da muke magana a kanta

Daga Yamai zuwa Filinge kusan kilomita 180 ne a kan babbar hanya mai lamba 25, ta Baleyara da Bonkuku. Amma makarantunmu da yawa ba a bakin wannan hanya suke ba. Dallol Boso kwari ne mai faɗi, cikinsa rairayi, gefunansa duwatsu a tsaye kamar bango, samansu kuma fako. Wanda zai fita daga wani ƙauye na gefen Shikal ko bayan Damana, sai ya ratsa yashi mai cin taya, ya hau fako, ya sake gangarowa. Da rani ƙurar motar gaba tana rufe wa ta baya ido. Da damina ƙoramar da aka haye a bushe da safe tana iya cika da la'asar, hanyar da direba ya sani ta koma gona, ya kauce ya bi wata. A irin wannan ƙasa ayari ba ya daɗewa a haɗe. Direba ɗaya ya taka wuta don kada ya kafe, wani ya tsaya sauya taya, cikin minti goma tazara ta buɗe.

Sannan ga halin da jihar take ciki. Tun watan Maris na 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu gundumomin Tillaberi, daga baya aka faɗaɗa ta. A farkon 2020 aka hana zirga-zirgar babura a sassa da dama na jihar. Da can in mota ta lalace a daji, sai a tura yaro kan babur ya kai labari. Inda dokar ke aiki wannan dabara ta tafi. Ɗaruruwan makarantu sun rufe a jihar, an tattara ɗalibai a garuruwan da ke da ɗan kwanciyar hankali, don haka yara na yin tafiye-tafiyen da iyayensu ba su yi ba lokacin da suke shekarunsu. Tafiya ta ƙaru, hanyoyin aika labari sun ragu, mu kuma shirinmu yana nan yadda yake tun zamanin lafiya.

Ga masu cewa salula ta isa

Wayar salula ba ta magana da wata waya kai tsaye. Ko da kai da wanda kake kira kuna zaune kan tabarma ɗaya, muryarka sai ta je turken kamfanin waya, ta bi na'urorinsu, sannan ta dawo masa. In babu turke a kusa, ko dutse ya tare tsakaninka da shi, ko batirinsa ya ƙare, ko an ƙone shi kamar yadda 'yan bindiga suka sha yi a yankunan iyaka, wayarka ta zama tocila da agogo. Kowa a nan ya san tudun da ake hawa a ƙauyensu don neman rezo. Wanda ya san wannan tudu, yaya zai ce ya dogara da waya a tsakiyar kwari, inda mota ta fi kafewa?

Oba-oba kuwa ba ta da ɗan tsakiya. Ka danna, ka yi magana, muryar ta tashi daga eriyarka zuwa ta abokinka. Babu kiredi, babu kati, babu jiran a ɗauka. Magana ɗaya tana isa duk motocin lokaci guda. In motar gaba ta tarar da ƙorama ta cika, malamin da ke ciki ya ce "ku tsaya, ruwa a gaba", kowa ya ji. Da waya sai ya nemo lambar mota ta biyu, ya jira, ya kashe, ya nemo ta uku. Kafin ya kai ta huɗu, ta biyu ta riga ta sa hanci a ruwa.

Ba cewa nake a bar waya a gida ba. Waya ce za ta kira darakta a Filinge ko asibiti, in an samu rezo. Aikin oba-oba ɗaya ne: ta haɗa motar gaba da motar baya. Duk rikicin zaɓen na'ura daga mance wannan yake tasowa.

Ga masu cewa a bar wa Allah

Waɗannan ba zan daɗe da su ba. Mutumin da ke cewa tsaro na Allah ne, shi ne dai ke sa tayar safiya a bayan mota, ya ɗauki jarkar ruwa, ya kulle shagonsa da kwaɗo biyu. Addininmu ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, ya kuma koya mana matafiya su naɗa shugaba a tsakaninsu. Kakanninmu fatake da suka yi Gwanja neman goro ba su tafi kara-zube ba: jagaba yana gaba yana duba hanya, madugu yana lura da ayari kaf, kuma labari na yawo tsakaninsu. Su da jakuna sun san ayarin da gabansa bai san halin bayansa ba ya watse. Mu da injin mota muka mance.

Ga masu son babba

Nan ne na fi jin haushi, domin masu wannan ra'ayi su ne waɗanda suka yarda da oba-oba, amma suka ɗauko wadda za ta jawo mana bala'i. Da an ce a saya, sai wani ya ce ya san inda ake sayar da mai ƙarfi, wadda aka rubuta a kwalinta tana kai kilomita 30 ko 50. Bari mu yi lissafin da kowane malamin kimiyya zai iya yi a allo.

Irin waɗannan na'urori na hannu suna aiki ne kusan kamar hasken tocila: saƙon yana tafiya a miƙe, abin da ya tare shi ya rage shi. Duniya kuma a lanƙwashe take. Mutumin da ke tsaye a fili shimfiɗaɗɗe, eriyarsa na sama da ƙasa da mita ɗaya da rabi, iyakar ganinsa ba ta kai kilomita 5 ba. Mutum biyu a tsaye haka, babu itace babu tudu tsakaninsu, abin da za su samu bai wuce kilomita 10 ba, ko da wace irin na'ura suka riƙe. Wancan 50 na jikin kwali sai in ɗaya na kan ƙololuwar dutse ɗaya na kan wani. A cikin mota, wadda jikinta ƙarfe ne mai tare saƙo, cikin kwarin Dallol, abin da za ka dogara da shi kilomita 1 ne zuwa 3. In ɗaya ya hau fako ɗaya yana gindin dutse, ko hakan ba lallai ba ne.

Sai su ce to a ƙara ƙarfi. Ƙarfin na'ura da wat ake auna shi. Ka ninka wat sau huɗu, nisan da za ka samu sau biyu ne kawai, shi ma a sarari marar shinge. A doron ƙasa ribar ba ta kai haka ba. Abin da ke ninkuwa da gaske shi ne cin batir, da yawan kunnuwan da ke jin maganarka. Tsawon wurin da eriya take ya fi yawan wat amfani nesa ba kusa ba. Malamin da ya fito daga mota ya hau tudu da ƙaramar na'ura zai kai inda mai babba a zaune cikin mota bai kai ba.

Yanzu mu duba abin da ke kasuwa. Akwai ƙananan da ake kira PMR446, masu aiki a kan megahaz 446 da rabin wat, masu tasha 16 (tsofaffin 8), eriyarsu a manne ba a cire ta. A ƙasashen Turai an halatta wa kowa riƙe su ba tare da lasisi ba. Akwai CB ta direbobin manyan motoci, a kan megahaz 27, mai tasha 40. Ita wannan a mota ake dasa ta, kuma cikakkiyar eriyarta ta haura mita biyu da rabi, ana hango ta daga nesa. Akwai manyan rediyoyin HF irin na Codan da ake gani a motocin ƙungiyoyin agaji, masu kai ɗaruruwan kilomita, da wayar tauraron ɗan Adam irin ta Thuraya. Waɗannan ba kayan kwamitin makaranta ba ne, ta fuskar kuɗi da ta doka baki ɗaya.

Sai kuma wadda ta cika kasuwannin duniya saboda araha, Baofeng UV-5R ta ƙasar Sin, baƙa, mai maɓallan lambobi a gaba, mai ƙarfin wat 4 zuwa 5. Ita ce masu son babba ke nufi. Matsalarta ba ƙarfi kaɗai ba ne. Tana iya magana a ko'ina daga megahaz 136 zuwa 174, da kuma daga 400 zuwa sama. A cikin wannan faɗin ne ƙasashe ke ware layukan jami'an tsaro da na masu kashe gobara da na motocin asibiti. Yaron mota ya ɗauke ta yana latse-latse, sai ya faɗa kan layin da ba nasa ba, bai ma sani ba. Ko a Amurka, hukumar sadarwarsu FCC ta fitar da gargaɗi a 2018 a kan shigowa da sayar da ire-iren waɗannan na'urori marasa ƙa'ida. In ƙasar da ke zaune lafiya ta damu da ita, ina ga hanyar Abala?

Ga abin da masu son babba ba su lura da shi ba: gajartar zangon ƙaramar na'ura alheri ce. In motar baya ta daina jin ta gaba, wannan kansa labari ne, ayari ya yi tsawo, a tsaya a jira. Na'urar da ke kai nesa tana ba direban gaba lasisin gudu. Zai ce ai ina jin su, ya bar su kilomita takwas a baya, ranar da suka kafe sai ya yi rabin sa'a kafin ya komo da igiya. Ayarin yara bai kamata tsawonsa ya wuce kilomita ɗaya ko biyu ba. Na'urar da ta kai haka ta gama aikinta.

Ga masu tsoro

Wani dattijo cikin iyayen yara ya taɓa ce mini: "Malam, a ƙasar nan wa ke yawo da oba-oba? Soja da 'yan daji. Kai wanne ne a ciki?" Wannan tambaya ta fi duk sauran nauyi, kuma wanda ya yi mata dariya bai san inda yake zaune ba. Jami'in da ke shingen bincike, wanda aka kashe abokan aikinsa a Inates a Disamban 2019 da Shinagodar a Janairun 2020, in ya buɗe jaka ya ga baƙar na'ura mai doguwar eriya babu takarda, ba malamin lissafi zai fara gani ba. Su ma 'yan bindiga, in suka tare mota suka ga irinta, za su iya ɗaukar mai ita ɗan leƙen asiri. Haɗarin ta fuska biyu yake.

Na kuma yarda da wani abu: oba-oba ba ta tare harsashi. Ranar 15 ga Maris 2021 an tare motocin da ke dawowa daga kasuwar Banibangu, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe. Babu na'urar hannu da za ta hana wannan. Hanyar da jami'an tsaro suka ce ba ta biyuwa, ba a bin ta da yara, da rediyo ko babu. Inda aka ce sai da rakiyar soja, dokar masu rakiya ce ke aiki. Duk wanda ya sayar muku da oba-oba a matsayin maganin 'yan bindiga maƙaryaci ne.

Amma mafi yawan abin da ke samun ayarinmu ba hari ba ne. Taya ce ta fashe, mota ce ta kafe, ruwan inji ne ya tafasa, yarinya ce zazzaɓi ya kayar, direba ne ya ɗauki hannun hagu inda sauran suka yi dama. A lokacin zaman lafiya waɗannan ɓata lokaci ne kawai. A yau, motar da ta tsaya ita kaɗai a daji har magariba ta shiga wani hali dabam. Tsoron da ake kawowa hujjar ƙin oba-oba, shi ne ya fi wajabta kada a bar mota ɗaya a baya babu wanda ya sani.

Maganin tambayar dattijon nan takarda ce, kuma takarda kafin saye. A Nijar hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018 a madadin ARTP, ita ke kula da layukan sadarwa da irin na'urorin da aka yarda a yi aiki da su. Abin da aka halatta a Faransa bai zama halal a Filinge don an rubuta a kwali ba. Kwamitin makaranta ya rubuta wa sufeton makarantu, ta hannunsa a kai wa perefe, a sanar da jandarmomi: ga irin na'urar da muke so, ga ƙarfinta, ga yawanta, ga dalili. In an amince, a sa lambar jikin kowace na'ura a takardar izinin tafiya, tare da sunan malamin da ke riƙe da ita. A shinge, malami ya nuna ta tun kafin a tambaye shi. In kuwa hukuma ta ce a'a, magana ta ƙare, ba a saye a ɓoye. Na'urar ɓoye ta fi rashin na'ura haɗari.

Har kamar na'urar tana da muhimmanci. A zaɓi mai launin ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, gajeriyar eriya, a rubuta sunan makaranta a jikinta da fenti. Abin da ya yi kama da kayan makaranta ba ya tayar da hankalin kowa. Baƙa mai kama da ta soja a bar wa soja.

Wasu ƙasashe sun warware wannan tun tuni. A Ostareliya, inda ake tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin daji babu rezo, an ware wa jama'a tasha 80 a kan megahaz 477, kowa ya san ta 40 ta babbar hanya ce, ta 10 ta ayarin motocin daji, ta 5 da ta 35 na neman agaji. Ba na cewa a kwafo nasu gaba ɗaya, halinmu ba ɗaya ba ne. Amma ƙungiyoyin malamai da na iyaye suna da bakin da za su nemi hukuma ta fito da ƙa'ida bayyananniya ga makarantu da asibitocin karkara, maimakon kowane darakta ya yi ta lalube.

In an samu izini, me za a duba?

Ƙura ce abokiyar gaba ta farko. A jikin na'ura ko takardarta akwai haruffan IP da lambobi biyu. Ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP54 na jure ƙura da yayyafi. IP67 ƙura ba ta shiga sam, kuma tana jure faɗawa ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin sa'a. Wadda ba a rubuta mata komai ba, hunturu ɗaya ya ishe ta.

Na biyu batir. A nemi wadda ake cajinta daga mota ko da igiyar USB, domin wadda sai an dasa ta a mazauninta an jona a bango ba ta da amfani a ƙauyen da babu lantarki. Wadda ke karɓar ƙananan batura irin na tocila in nata ya mutu ta fi kowace. Kada a bar ta kan allon gaban mota cikin rana. Zafin Afrilu da Mayu a nan yana haura digiri 40 a inuwa, bayan gilashi kuwa ya fi haka sosai, kuma zafi na kashe batir.

Na uku sauƙi. Maɓallin kunnawa, na sauya tasha, na magana, da makullin da ke hana tasha gocewa in an zauna a kanta. In sai an karanta littafi kafin a yi sallama da ita, ba tamu ba ce. A sayi iri ɗaya duka, a ƙara ɗaya ta ajiya. A gwada ƙarar muryarta cikin Hiyas mai tafiya, yara ashirin na surutu, ba cikin shago ba. A kuma gwada nisanta a hanyar da za a bi: mota ɗaya ta tsaya, ɗaya ta tafi tana ƙirga kilomita har murya ta yanke. Wannan adadi shi ne gaskiya, a rubuta shi.

Wani abu da masu sayarwa ke ruɗin mutane da shi: "lambar sirri". Waɗannan lambobi, da ake kira CTCSS, ba sa ɓoye magana. Abin da suke yi shi ne su hana ka jin wasu. Su wasun suna jin ka sarai. Duk abin da aka faɗa a oba-oba, a ɗauka a tsakiyar kasuwar Baleyara aka faɗe shi ranar Lahadi.

Na'ura ba ta aiki sai da tarbiyya

Mu malamai mun san allo ba ya koyarwa da kansa. Haka wannan. Direba ba ya riƙe oba-oba, hannunsa na kan sitiyari. Malami ko babban da ke gaban mota shi ke riƙewa. Motoci su ci suna da lamba: Ɗaya, Biyu, Uku. Shugaban tafiya ya zauna a motar ƙarshe tare da igiya da shebur da akwatin magani, domin daga baya ake ganin wanda ya tsaya. Kafin a tashi kowace mota ta amsa. Duk kwata na sa'a, da kowace mararraba, ta gaba ta kira, ta baya ta amsa. In an kira sau biyu babu amsa, a tsaya.

Magana gajeriya: "Uku, taya, mun tsaya." Ba a ambaton sunan gari ko lokacin isa, ba a ambaton kuɗi, ba a kiran sunan yaro. Ba a taɓa faɗar inda aka ga sojoji ko shinge, ko da wasa. Ba a sa waƙa, ba a ba yara su yi gaisuwa. An dawo, a tattara na'urorin, a ƙirga, a kulle a ofishin darakta, a rubuta a littafi. Ba ta kwana gidan kowa, ba a ara wa ɗan'uwa zuwa kasuwa.

Akwai kuma ƙa'idar da ba ta cin ko dala, wadda ya kamata a bi ko hukuma ta hana oba-oba: kowane direba shi ke da alhakin motar da ke bayansa. In ya duba madubi bai gan ta ba, ya tsaya. In kowa ya yi haka, tsayawar mota ɗaya tana tsayar da ayari duka har zuwa gaba. Direban da ya ce shi ba ya jiran kowa, a sauke yaranmu daga motarsa, a biya shi kuɗin mai, ya tafi shi kaɗai.

Wa zai biya?

Za a ce babu kuɗi. Na sha zama taron iyaye inda aka tara kuɗin bikin ƙarshen shekara, da na anko, da na lasifikar da za ta yi kiɗa, ba wanda ya ce uffan. Makaranta ɗaya ba ta fita a ayari kullum, don haka ba dole kowace ta sayi nata ba. Kwamitocin CGDES na makarantu huɗu ko biyar da ke bin hanya ɗaya za su iya haɗa hannu su sayi na'ura shida, a ajiye su wurin sufeto, mai tafiya ya sa hannu ya ɗauka. Ƙungiyar iyaye mata, waɗanda su ne ke tsayawa bakin mota suna kallon ƙura, su ya kamata su fara tayar da maganar a taro, kuma ina da yaƙinin in suka tayar ba za a kwantar ba.

Iyaye, kafin ku sake ɗora yaro a mota zuwa jarrabawa, ku tambayi darakta abu uku cikin ladabi, ba faɗa ba. Wa ke shugabantar tafiyar, kuma a wace mota yake? In motar ɗana ta tsaya inda babu rezo, ta yaya sauran za su sani? Hukuma ta san da tafiyar da abin da aka ɗauka? 'Yan'uwana malamai, kada mu ji haushin waɗannan tambayoyi, mu shirya amsarsu tun watan Afrilu, lokacin da takarda ke da sararin zuwa ofishin perefe ta dawo. Amana ce aka ɗora mana, kuma in an ƙirga yara a cibiyar jarrabawa aka ga babu mota guda, mu za a fara tambaya.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba yaranmu sa'a, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.